Ƙuri'ar Dada

Saura sati uku zaɓen gwamna aka kawo motar haƙa rijiyar burtsatse layinmu a Pantami. Shekara da shekaru famfonmu ko ɗigo ba ya yi, sai ga mota har da hoton ɗan takara a goshinta. Suka haƙa rabi suka kashe inji. Wakilin jam'iyyar ya tara dattawa a ƙofar masallaci, ya faɗa musu ba kunya ba tsoron Allah cewa sauran rabin yana cikin akwatinmu. In akwati ya fito, ruwa ya fito.

Mahaifiyata, da muke kira Dada, ta fi kowa ɗokin rijiyar nan. Kullum da hantsi sai ta ja gwiwarta mai ciwo ta je ta leƙa ramin. Amma akwai abin da ke damunta. Ɗan takarar ɗaya jam'iyyar ya zo mana ta'aziyya lokacin rasuwar Baba, ya cire takalmi ya zauna a tabarmarmu, har ya gaishe ta da Fillanci. Dada ba ta manta irin wannan.

Ranar zaɓe na kai ta rumfa a kan babur. Ta daɗe a bayan kwalin nan da ake shiga a dangwala, ta fito tana goge yatsa da gefen mayafi, fuskarta wasai. Da la'asar aka zazzage akwati a gabanmu ana ɗaga takardu ɗaya bayan ɗaya. Mai motar haƙa ya faɗi a akwatinmu da ƙuri'a biyu. Cikin waɗanda aka soke akwai wata mai dangwale biyu, kowanne tsaf a gidansa. Mutane suka yi ta tsaki suna zagin mai ita, har da ni.

Da na koma gida na tarar Dada tana tankaɗe. Ta tambaye ni yadda aka ƙare, sannan ta ce, cikin jin daɗi:

"Ni dai na fita kunyar kowa. Na ba mai ruwa nasa, na ba mai gaisuwa nasa."

Wallahi da na yi shiru. Amma ni bakina ba ya da linzami, na zazzage mata duka: an soke takardarta, ba ta ba kowa komai ba, kuma akwati ya faɗi. Ta ajiye rariyar.

Mai motar ne ya ci jihar. Kwana biyu da sanarwa aka zo aka janye motar, yaransa na bin ta da tsintsiyar kwakwa suna share sawun tayarta, wai kada albarka ta zauna mana. Ramin yana nan, an rufe shi da tsohon kwano. Su kuwa manyan jam'iyyar kowannensu da rijiyarsa a cikin gida, har fulawa suke ba ruwa.

Na yi mata lissafin ya fi sau goma, cewa ko an ƙirga tata ba za ta cike giɓin ba. Ba ta taɓa yarda ba. Ta daina bi ta gaban ramin, ta daina shiga sabgar matan layi. Har ta koma ga Allah, in na cika mata buta sai ta juye rabi cikin randa, ta ce wanda ya hana unguwa ruwa ba ya alwala da cikakkiyar buta.