Ranar da na bi sandar Shef

Ni tela ne a unguwar Briqueterie ta Yaoundé, kamar mahaifina, amma na yi shekaru ina kaɗa manyan gangunan tagulla a wata ƙungiyar kiɗan Turawa da ke atisaye kusa da Cité Verte. Akwai masu goge, da masu sarewa, da masu ƙahon ƙarfe, sai shugabanmu da muke kira Shef. Shi ke tsayawa a gaba da 'yar siririyar sanda, inda ta sauka nan kowa zai faɗa.

Sai ya kinkimo mana wani kiɗa na ƙarnin da ya wuce, wanda ko ni na san ya fi ƙarfinsa. Kiɗan bai san tafiya hurhuɗu ba. Yanzu ƙirga bakwai, an jima biyar, sai uku, sai a koma bakwai. Ni abin bai dame ni ba, a kan keken ɗinki na haddace shi, ƙafa na takawa baki na ƙirgawa, har maƙwabcina ya fara tunanin ko na samu taɓuwa. Shef kuwa da an zo wurin nan sai hannunsa ya rikice, ya riƙa zana huɗu a iska. Kowa ya gane. Mutane suka daina kallonsa, suka koma sauraron gangata, shi ma a ɓoye ni yake bi. Na rufa masa asiri wata da watanni.

Mahaifina bai taɓa son wannan harka ba. Da ƙyar na shawo kansa ya zo atisayen ƙarshe. Ya sa farar babbar riga, ya zauna can baya yana jan carbi. Ranar ne Shef, da ya ga akwai baƙi, ya tsayar da kiɗa ya nuna ni da sanda. Da Faransanci ya ce in na kasa bin hannunsa in koma layinmu in gasa soya, wato tsire, wai mu Hausawa abin da muka iya ke nan. Wasu suka yi dariya. Mahaifina ya shekara hamsin a Yaoundé, babu kalmar da ta wuce shi. Na hango shi ya sunkuyar da kai, ya tashi ya fita a hankali.

Wallahi ban taɓa tsanar mutum kamar yadda na tsani Shef a wannan lokaci ba. Na ce masa, “To, Shef, daga yau sandarka kaɗai zan bi.”

Har wani murmushi ya yi, shashasha.

Ran Lahadi da la'asar, ranar wasan, zaure ya cika. Ban gayyaci mahaifina ba, amma ga shi a kujerar da ya zauna rannan. Muka tafi lafiya har muka iso wurin bakwai da biyar. Na kafe sandar da ido. Ta sauka a huɗu, na doka a huɗu. Ta yi jinkiri, na yi jinkiri. Masu goge da suka saba jingina da ni suka zame, masu ƙaho suka shigo tun lokacinsu bai yi ba, abin ya koma kamar kasuwar Mokolo ana gobe salla. Zufa ta wanke wa Shef fuska. Ya dube ni, ya ɗaga gira, ya gyaɗa kai, yana roƙona in ja su kamar kullum. Ni kuwa biyayya nake yi, irin wadda ban taɓa yi wa kowa ba. Daga ƙarshe ya sauke hannu, kiɗa ya mutu a tsakiya, wata mata ta fashe da dariya a layin gaba.

Na san na ɓata wa abokaina wahalarsu, kuma daga ranar ban sake taɓa gangunan nan ba. Har yau ina kewar sautinsu. Amma in ka ce na yi nadama, ka yi min ƙarya.

A taksi muna komawa unguwa, da muka wuce Ekoudou sai mahaifina ya juyo ya dube ni.

“Mutumin nan da ido yake roƙonka,” ya ce. “Na gani.”

“Na gani ni ma, Baba.”

“Ka kuma ƙyale shi.”

“Na ƙyale shi.”

Ya laluba aljihu, ya ciro goro fari ya ɓare, ya miƙo min babban ɓarin.