Kaskon da Bai Yi Yoyo Ba

Kawu Mai Bulo ya tsufa a kan sitiyarin akori-kura guda, yana jigilar bulo zuwa sababbin unguwanni, inda hanya ba ta gama zama hanya ba. Idanunsa sun fara hazo. 'Yarsa ta share masa ɗaki a gidan mijinta, ta ce ranar da motar ta kwanta, shi ma ya ajiye makulli. Ya ce to, don a zatonsa shi zai riga motar kwanciya.

Da tsatsa ta cinye kaskon baƙin mai da ke ƙarƙashin inji, makanike ya ajiye masa sababbi guda biyu a kan benci, na roba da na ƙarfe.

"Kawu, ɗauki na roba. Ba ruwansa da tsatsa."

"In dutse ya doke shi fa?"

"Ya fashe, mai ya zube, ka gani ka tsaya."

"Da furfurata zan ɗaura wa injina bahon wanki? Sa min ƙarfe. Ƙarfe yana da kunya, lotsawa yake, ba ya tona wa mutum asiri."

Makanike ya yi dariya, ya ɗaura.

Shi Kawu ƙasa yake tambaya lafiyar mota. Kowace safiya zai durƙusa, gwiwoyinsa na ƙara, ya shafa inda ta kwana. In yatsunsa sun dawo a bushe, ya yi bisimilla ya tayar. Jar fitilar gargaɗin mai ta daɗe da mutuwa, bai taɓa yin kewarta ba.

Wata ranar damina, dutse ya daki ƙarƙashin motar a wani kwazazzabo. Ya sauka ya shafa ƙasa, ba ko ɗigo. Ya sa wa ƙarfe albarka, ya ci gaba. Ashe kaskon ya lotsa, lotsawar ta danne bakin bututun da ke zuƙo mai. A tsakiyar hawa injin ya yi tari, ya yi ta bugu kamar ana daka a cikinsa, sannan ya yi shiru.

Da aka ja ta gareji, makanike ya kwance kaskon da kansa, ya leƙa ciki.

"Mai na nan cike, Kawu. Injin yana kwance a kansa ƙishirwa ta kashe shi."

"Zai tashi?"

"Ba wannan ba."

Da la'asar surukinsa ya zo ɗaukarsa a babur, ya gaishe shi har ƙasa. Kawu ya hau baya. Tun daga gareji har gidan 'yarsa, babu sitiyari a gabansa, bai san inda zai sa hannuwansa ba.