Norbert, Kafintan da Ya Mayar da Gado Kan Katako

Kafin a kaɗa ƙararrawar mishan da safe, Baba Norbert ya riga ya share ƙofar shagonsa. Ni na sani, don katanga ɗaya ce tsakanin gidana da nasa a nan Dogon Dutsi, kuma katangar ba ta tare ko tari. Yakan je addu'a ya dawo, ya sha kunun da matarsa Ƙauna ta dama, ya saƙala fensir a kunne, sai zarto ya fara kuka. Bencin lakwal, wato makarantar boko, ƙyauren ɗaki, akwatin amarya, har allon da ni Kubra nake koya wa matan unguwa karatu a kai, duk daga hannunsa suka fito. Da rana ta take ya kishingiɗa a ƙarƙashin itacen bedin da ke tsakar gidansa, la'asar na yi ya koma kan guduma.

Bana ya ce idonsa ya daina ganin kan ƙusa, ya miƙa shagon ga ɗansa Fidèle. Mutane za su tuna shi da benci da ƙyaure, wannan ba laifi. Amma akwai aikin da ya yi wanda ba wanda ya sa shi, kuma tunda ni na sha hayaniyar aikin nan fiye da kowa, ni ya kamata in faɗe shi.

Bayan da aka samu 'yancin kai, aka fara bukin samari kowace shekara idan an gama girbi. Norbert aka ba aikin kafa dandamalin katako a filin gari, mai tsawo har ƙirjin mutum, a kafa mikoro, abin ɗaga murya, a tsakiya, manya su zauna a kujeru daga gaba. 'Yan lakwal suna da mushe, wato malaminsu, da ke shirya su, samarin unguwanni suna da shugabanninsu. Su kuwa makaɗan ƙauye masu cin gashin kansu, mai goge daga can, mai gurumi daga can, zabiya da ƙwaryarta, ba mai ce musu ga inda ake hawa, ga inda ake tsayawa. Su zo a ƙafa, su zauna a gindin itace nesa da juna, kowa yana hararar ɗan'uwansa, har a kira suna.

A cikinsu akwai Gado mai gurumi, daga wani ƙauye a ƙasar Dogon Kiriya. Duk ƙasarmu ta Arewa an san muryarsa a wurin kokawa da gayyar noma. To, shi Gado tun tasowarsa abu ɗaya ya sani: wanda kake wasawa, wurinsa kake zuwa. Ka taka, ka matsa, ka durƙusa gabansa, ka zuba masa kirari a ido. Da aka hau da shi kan katako ya fara waƙa lafiya lau, ya hango wani babba a kujerar gaba, ya kama sunansa. Ƙafa ta yi abin da ta saba. Ya bar mikoro, ya taka, ya ƙara takawa, idonsa na kan mutumin, bakinsa na zuba, sai katako ya ƙare.

Ina wurin. Ƙarar faɗuwar ba ta kai ƙarar dariyar ba. Fili gaba ɗaya ya ɗauka, har masu tallan gyaɗa suna riƙe ciki. Gado ya tashi ya kakkaɓe riga, bai ji rauni ba, amma ƙoƙon gurumin ya tsage. Ya bar shi nan a ƙasa, ya ratsa taro ya kama hanyar gida. Kafin mako ya zagayo, Rabo mai goge, wanda ya daɗe yana takun saƙa da shi, ya haɗa zambo a kan faɗuwar, yara suka ɗauka, ya kai har ƙauyen su Gado. Mutumin da ake aiko wa da doki a zo a ɗauke shi ya koma ba ya fita kasuwa. Ya rantse ya bar kiɗa.

Kai ne, Baba Norbert, ka sunkuya ka tsinci gurumin nan lokacin da kowa ke dariya. Kai ne ka kai shi wurin mai gyaran ƙorai aka ɗinke, aka sake masa fata. Da damina ta wuce ka rufe shago, ka hau amalanken masu zuwa cin kasuwa, ka bi yashin hanyar Dogon Kiriya da gurumin a naɗe cikin zanen Ƙauna. Ba danginka ba ne, ba addininku ɗaya ba, ko gaisawa ba ku taɓa yi ba.

Gado da kansa ya ba ni labarin haɗuwar. Ya ce yana gyaran rumbu sai ya ga baƙo da ƙunshi.

"Mi kaka so, malam?" in ji Gado.

"Kayanka na kawo maka. Ni ne na yi katakon da ka faɗo."

"To, ka ga aikinka. Ka tahi da shi, na bar kiɗi."

"Na yi shi, na ɗora mutane a kai, ban gwada musu shi ba. Bana a gidana zan fara kafa shi kafin a kai fili. Ka zo ka taka shi inda ba mai kallo. In ka taka ka ce ka bari, ni da kaina zan rako ka gida."

Gado ya sa aka kawo wa baƙo fura. Norbert ya sha, ya jingine gurumin a jikin rumbu ya tafi.

Haka bala'i ya sauka a kaina, ni maƙwabciya. Ana saura kwanaki buki, na leƙa ta katanga na ga dandamali sukutum a tsakar gidan Norbert, an ture kaji gefe. A tsakiya ya kafa sanda ya kifa mata gwangwanin madara, wai shi ne mikoro. Ya aika kasuwanni cewa duk makaɗin da ba shi da mai shirya shi ya zo, akwai inuwa, akwai tuwo. Suka zo kuwa. Kalangu, goge, ƙwarya, algaita, tun hantsi har rana ta faɗi. Matan da nake koya wa karatu suka daina jin muryata, ina cewa "ba" suna kaɗa kafaɗa. Na shiga gidan da faɗa a bakina. Ƙauna ta miƙo mini muciya ta ce, "Yaya Kubra, tunda kin shigo, tuƙa mana wannan." Wallahi ban fito ba sai da aka kwashe tuwo.

Dokar gidan biyu ce, kuma Norbert bai taɓa ɗaga murya a kanta ba. Wanda ya hau katako, sauran su zauna su saurara, in ya sauko su gaya masa gaskiya a gabansa. Wanda kuma ya ci tuwon Ƙauna, to zai yi wa wani amshi, ko da a ƙauyensu shi ne sarkin kiɗa. Ranar farko an sha kumbure-kumbure. Amma yunwa ba ta san girman kai ba, kuma miyar Ƙauna ba a yi mata fushi. Nan na ga mai kalangu yana nuna wa mai algaita yadda zai ja da baya kada ya toshe kunnen jama'a. Na ga Shatu zabiya, wadda bakinta ya fi barkono, tana koya wa maza yadda ake yanke waƙa kafin a kaɗa musu hannu a ce lokaci ya cika. Wasu daga cikin mutanen coci sun yi gunaguni, wai ga mai gogen 'yan bori a gidan Kirista. Norbert ya ce shi bai ga iska a gidansa ba, baƙi ya gani, kuma baƙo abinci ake ba shi.

Gado ya iso a kwana na uku, gurumi a rataye, fuska a murtuke. Wa zai gani a gindin bedi yana shafa wa goge ƙaro? Rabo. Norbert ya kama hannun Gado ya zagaya da shi katakon, ya nuna masa gefe da gefe, ya tsayar da shi gaban gwangwani. Gado ya taɓa tsirkiya, muryar nan ta fito, tsigar jikina ta tashi. Bai yi nisa ba ƙafa ta ɗaga, ya nufi wajen Ƙauna da ke bakin murhu. Aka tare shi. Aka ja masa layi da gawayi, ya tsallake. Aka ce ya rufe ido, waƙar ta mutu a bakinsa. Aka ce ya zauna, ya ja gindi har bakin katako.

"Ku ɗaure shi da igiya kamar akuya," in ji Rabo.

Gado ya sauke gurumi. Na ce a raina shi ke nan, yau kam ya tafi ke nan.

Shatu ce ta tsayar da shi. "Kai Rabo, rufe mana baki. Ba ku gani ba? Mutumin ga ba wauta ka jan shi ba. Muryarshi ba ta hitowa sai ya ga idon wanda yaka yi wa. Ku kawo mishi mutum kusa, ku gani in ya motsa."

Norbert ya shiga shago, muka ji zarto, ya fito da 'yar kujera, ya buga ta da ƙusa a bayan sandar gwangwani, tana fuskantar mai waƙa. Saura wanda zai zauna. Manya ba za su hau katako su ba jama'a baya ba. Aka dubi juna. Norbert ya dubi Rabo.

"Ni? Makaɗi ya zamna a wasa shi? Ina anka taɓa yin haka?"

"Ka ci tuwon Ƙauna, Rabo," in ji Norbert.

"Amshi anka ce, ba zama ba."

"To ka zauna, ka amsa daga nan."

Rabo ya hau yana ƙunƙuni, ya zauna. Gado ya dube shi sama da ƙasa ya ce shi ba zai ɓata kirarinsa a tsakar gida ba, sai ranar buki. Ya yi kiɗa kawai ba baki, ƙafarsa ba ta motsa ba. Amma ba wanda ya san abin da zai fito daga bakinsa a fili, kuma kowa ya san yana bin Rabo ramuwar zambo. Rabo bai ci abincin kirki ba har ranar.

Ranar buki da la'asar fili ya cika. Da aka kira sunan Gado, samarin gaba suka miƙe suka shimfiɗa hannuwa, wai za su cafe shi. Dariya ta tashi, wasu har sun fara rera zambon. Norbert na tsaye a gindin matakala da guduma a hannu, gumi na zuba. Rabo ya hau ya zauna a kujerarsa, ya ba jama'a baya, wuyansa a sanƙare.

Gado ya tsaya gaban mikoro, ya dubi Rabo cikin ido, ya kira sunan ubansa. Ya kira kakansa, wanda ya yi goge a garin Lugu tun kafin Nasara su zo da mulkin mallaka. Ya faɗi garuruwan da gogen gidansu ya kwana, da matan da suka warke a ƙarƙashin kiɗansu, da shekarar yunwa da uban Rabo ya ƙi sayar da gogensa. Ashe duk shekarun gabar nan yana riƙe da tarihin mutumin a kansa. Rabo ya yi shekara da shekaru yana wasa 'ya'yan wasu, bai taɓa jin an kira nasa uban a gaban taro ba. Muka ga kafaɗarsa ta fara girgiza. Da aka zo wurin amshi ya buɗe baki ya amsa, Shatu da sauran makaɗan suka ɗauka daga ƙasa. Samarin nan suka janye hannuwansu suka zauna. Gado ya kai waƙarsa ƙarshe a inda ya fara ta, ya juya, ya sauko ta matakala. Ni dai na yi guɗa har maƙogwarona ya yi ciwo, kuma ban ji kunyar kowa ba.

Bai ci na ɗaya ba, 'yan lakwal aka zaɓa su je gasar gaba a birnin Dosso. Oho. Kafin a kwance katako masu gayya sun kewaye shi, kuma Rabo ne ya raka shi tasha.

Tun daga shekarar, ba a kai dandamali fili sai ya kwana a gidan Norbert. Makaɗan da a da ba sa haɗa inuwa yanzu suna aika wa juna labarin buki, suna ara wa juna 'yan amshi, wanda ya je Dosso ya dawo ya zauna ya faɗa wa saura abin da ya gani. Baba Norbert, kai da ko tafi ba ka iya yi daidai da kiɗa ba, kai ka haɗa su. Na Ƙauna, mai guduma, ba a taɓa kiran sunanka a mikoro ba, kuma ba ka taɓa tambaya ba.

Fidèle ya ce zai ci gaba da kafa katakon, amma gida ɗaya ya yi wa makaɗan Arewa kaɗan. Ku masu tsakar gida, ku buɗe ƙofa. Ku masu tukunya, ku ƙara tsaba. Ku da kuka riga kuka hau kuka sauko lafiya, ku zauna wa na bayanku. Hayaniya ce, ba zan ɓoye muku ba, amma ba ta kashe ni ba.

Mun gode, Baba Norbert, Allah ya saka maka, ya ba ka hutu mai daɗi, ya bar ka da Ƙauna. Ranar kasuwar da ta wuce na haɗu da Gado, gemu ya yi fari, gurumi a kafaɗa, zai je kiɗan suna. Na ce masa ina rubutu a kanka, me zan faɗa? Ya shafa ƙoƙon gurumin wurin ɗinkin, ya ce, "Ki ce da bai hau amalanken nan ba, da yanzu kaji ka shan ruwa cikin wannan."