Saƙon da Ban Kai wa Yaya Saratu Ba

A wannan makon Yaya Saratu ta cika shekara goma sha ɗaya a ƙasa. Duk shekara idan lokacin ya zagayo, nakan yi tuwo da miyar kuɓewa in kai wa mijinta, Malam Ishaya, mu yi addu'a a ɗan falonsa na Tudun Wada, in dawo gida in ci gaba da hidimata. Bana abin ya ƙi tsayawa a nan. Akwai maganar da na haɗiye tun ranar da aka binne ta, kuma 'yarta ta zo mini da wata takarda da ta sa dole na furta ta.

Ga wanda bai san ta ba, Yaya Saratu yayata ce uwa ɗaya uba ɗaya, ma'aikaciyar jinya, mace mai dariyar da ake jiyowa tun daga bakin titi. Da mahaifiyarmu ta rasu ina aji uku a sakandare, ita ta zama uwata. Ita ta raka ni ɗakin miji, ita ta karɓi haihuwata ta fari. Shi ya sa ranar da ta zaunar da ni bayan sujada ta ce ita da mijinta sun amsa kiran Ubangiji, za su tafi Chadi aikin bishara, sai na ji kamar an zare mini tabarmar da nake zaune a kai. Ta ce garin da za su, mace mai naƙuda sai an ɗora ta a amalanke an yi tafiyar yini kafin a ga mai magani. Ita za ta buɗe ɗakin shan magani, Malam ya koyar da yara. 'Yarsu Rifkatu, mai shekara goma sha huɗu a lokacin, za ta zauna a hannuna ta gama makaranta.

Mutane da yawa suna zaton coci ne ke ɗaukar mutum ya aika shi da albashinsa. Ba haka nasu yake ba. Ƙungiyar da za ta aike su ba ta biyan kowa. Mai tafiya shi zai bi coci-coci, gida-gida, ya nemi waɗanda za su yi alkawarin tallafa masa kowane wata, kuma ba za a bar shi ya tashi ba sai alkawuran sun isa riƙe iyali. Shekara biyu suka yi suna wannan yawo. Yaya ta ajiye aikinta. Ta samu wata ɗaliba a unguwar Kongo, nan cikin garinmu, tana koya mata Faransanci, ta riƙa zuwa gidana tana gaishe ni da shi, ni kuwa in ce, "Yaya, mura kike yi ne? Hancinki ya toshe." Ta ce, "Ke dai baƙauya ce, haka ake yin sa." Ta fara raba kayan ɗakinta, keken ɗinki gare ni, manyan tukwane ga matan coci, kamar ana rabon gado alhali mai kayan tana tsaye tana dariya. Maƙwabciyarta Hajiya, da ba addininsu ɗaya ba, ta shanya mata kuɓewa da kuka ta ɗaure a leda, wai kada ta je ƙasar mutane ta manta miya.

Ba kuɗi kaɗai ake nema wa masu irin wannan tafiya ba. A zumuntar mata ta cocinmu an raba kwanakin mako, kowace mace ta ɗauki rana guda da za ta yi azumi zuwa la'asar, ta yi musu addu'a Allah ya buɗe hanya. Ni na ɗauki Alhamis, a gaban kowa, har aka tafa mini. Ban taɓa fashin azumin ba. Amma abin da nake roƙa idan na durƙusa, babu wanda ya sani. Cewa nake, ya Ubangiji, kada alkawuran nan su cika. Ka bar mini yayata. Na ɗauka tsakanina da Allah ne, ba zai cuci kowa ba.

Da a addu'ar na tsaya, da wataƙila na iya yafe wa kaina. Wata Talata a kasuwar Tudun Wada na haɗu da Mama Hannatu, tsohuwar ma'aikaciyar jinya da ke zaune a Hanwa, wadda ta koya wa Yaya aiki. Ta riƙe mini hannu a gaban mai tumatir ta ce, "Ke ƙanwar Saratu, ki ce mata ta zo ta same ni. Na yi shawara da 'ya'yana, abin da ya rage musu mu za mu ɗauka. Wayata ta lalace, kuma na fi so in gaya mata ido da ido in ga wannan dariyar tata." Na ce to, Mama, yau ɗin nan.

Ban kai saƙon ba. Ban ce a raina ba zan kai ba har abada, a'a. Cewa na yi bari a kwana biyu, bari a yi Kirsimeti tare tukuna, ai Chadi ba guduwa za ta yi ba. Mako ya wuce. A Asabar ta biyu Yaya ta shirya zuwa wani cocin ƙauye can kudancin jiha, inda aka ce za a ba ta dama ta yi magana a sujadar Lahadi. Malam Ishaya yana wani cocin dabam, sun rabu ne don su rage yawo. Ni na soya mata doya da ƙwai na hanya. Ta karɓa ta ce, "Ki riƙe mini Alhamis da kyau, ƙanwata, saura kaɗan." Maganar tana bakina. Na ce, "Allah ya kiyaye hanya."

Ran Lahadi da yamma, a hanyar dawowa, motar da ta shiga ta yi karo da babbar mota. Da na kai saƙon, da babu abin da zai kai ta ƙauyen nan.

Na san abin da za a ce mini, don ni ma na faɗa wa wasu matan a gidajen makoki. Rai a hannun Allah yake, ba ni na riƙe sitiyari ba, ranarta ce ta yi. Na gaskata wannan. Amma gaskatawar ba ta goge Talatar nan ba. A wurin zaman makoki Mama Hannatu ta ja ni gefe ta tambaye ni ko na kai wa Yaya saƙonta. Na ce ban samu ganinta ba. Ta dube ni, ta daɗe tana dubana. Har ita ma ta kwanta cikin Ubangiji ba ta sake tayar da zancen ba, ni kuma ban sake iya taka Hanwa ba.

Rifkatu a hannuna ta girma. Yanzu ungozoma ce, ta auri wani malamin makaranta mai suna Bulus, suna da yara biyu. Bara suka sanar da coci cewa za su tafi ƙasar da iyayenta ba su samu zuwa ba. Nakan zauna in tambayi kaina me Yaya za ta ce da ta ga yadda ake neman tallafi a yau. Rifkatu ba ta yin rabin yawon da uwarta ta yi. A waya take ɗaukar hotonsu mai motsi ta aika, alkawari ya shigo daga mutanen da ba ta taɓa shan ruwan gidansu ba. Ina jin Yaya za ta yi dariya ta ce wane irin alkawari ne babu gaisuwa babu zama. Amma za ta ga kuma abin da ya ƙara wuya. Hanyoyin da ta bi da rana tsaka, yau sai an yi tambaya kafin a shiga. Matan da suke cika kwanon baiko na coci a da, yanzu da ƙyar suke cika tukunyar gidansu. Kuma an ƙara yawan masu cewa, mu nan ba mu da marasa lafiya ne? Wannan tambayar an yi wa Yaya ita ma. Amsarta ita ce, nan akwai wanda za a kira, can babu.

Watan jiya ina zaune a tsakar gida ina tsinkar zogale, Rifkatu ta shigo da ƙaramin a goye da takarda a hannu. Ta ce, "Inna, matan zumunta sun raba kwanaki. Na hana kowa taɓa Alhamis, na ce ta Innata ce tun zamanin mamata." Ta miƙo mini biro. Na dubi layin da aka bar mini, na ga idan na sa sunana ban yi magana ba, abin da na yi wa uwar zan yi wa 'yar. Na ce ta zauna. Na gaya mata duka, addu'ar, da kasuwar, da soyayyar doyar.

Ba ta yi kuka ba. Ta ce, "Inna, shekara goma sha ɗaya kina zuba mini abinci da wannan a cikinki?" Na ce e. Ta gyara goyonta, ta ninke takardarta, ta fita ba sallama. Washegari na je na durƙusa a gaban Malam Ishaya na maimaita. Ya cire tabarau ya rufe fuska. Can ya ce ya yafe mini domin an umarce shi ya yafe, amma in ba zuciyarsa lokaci ta iso inda bakinsa ya kai. Da izininsu nake rubuta wannan.

Kwana goma Rifkatu ba ta leƙo ni ba. A coci takan zauna can ɗaya gefen. Na riga na sallama cewa na rasa ta ita ma, kuma na ga daidai ne. Sai ga ta wata safiya, ba ta ko zauna ba. Ta ce, "Ban huce ba, Inna, kada ki zaci na huce. Amma masu ce mini amin da baki suna da yawa, ban san abin da ke ransu ba. Ke yanzu na san naki. Idan za ki ɗauki ranar, da sharaɗi. Duk Alhamis ki kira ni ki faɗa mini abin da kika roƙa, ko da roƙon kada mu tafi ne. Kuma duk saƙon da aka ba ki nawa, kada rana ta faɗi yana hannunki." Na sa sunana.

Idan aka auna da idon mutane, Yaya Saratu ba ta bar abin nunawa ba. Ɗakin shan maganin ba a gina shi ba, ƙafarta ba ta taɓa taka Chadi ba, ni na tsaya mata a hanya. Abin da ya rage nata shi ne wannan yarinyar, wadda ta gaji taurin ranta da ƙin munafunci, wadda ta san abin da na aikata kuma ta zaɓi ta ɗora rayuwar 'ya'yanta a kan addu'ata. Ban cancanta ba, kuma tsoron bai bar ni ba. Alkawuransu ba su cika ba tukuna, amma sun kusa.

Alhamis ɗin da ta wuce na sha ruwa da la'asar, na ɗauki waya na kira ta. Na ce, "Na roƙa a buɗe muku hanya. A tsakiya zuciyata ta juya, na roƙa a bar mini ku. Sai na sake farawa daga farko."

Ina jin yaran suna hayaniya a bayanta. Sannan ta ce, "Na ji, Inna. Sai wata Alhamis."