Kabarin da Baba Ya Haƙa a Bama

Jiya wata baƙuwa ta sauka gidana a nan Ƙanƙara, da za ta yi salla sai ta ciro waya tana juyawa, wai alƙibla take nema. Na ce mata baiwar Allah, ga inda rana ke fitowa. Ina rufe baki sai Baba ya faɗo mini a rai, abincin da ban ci ba ke nan.

Baba da ƙanensa tare aka kwashe su daga ƙauyenmu na wajen Mairuwa aka kai su yaƙin Bama, can ƙetaren teku. Shi kaɗai ya dawo. Ƙanen zazzaɓi ya kashe shi a daji, ba ma harsashi ba. Baba ya yi mishi wanka da ruwan gorarsa, shi da wani mutumin Sabuwa suka haƙa rami, suka jira rana ta ɓullo, suka kwantar da shi yana fuskantarta kamar yadda ake yi a gida.

Kakata, uwarsu, da wannan labari ta rayu. Ba ta kiran sunan Baba don shi ne ɗan fari. Sai dai ta ce, "Kai, zo ka faɗa mini yadda ka kwantar da shi." Ya zauna bakin tabarma ya faɗa tun daga farko. In ya kai wurin fuskantar gabas sai ta ce alhamdulillahi, ta ci gaba da kaɗinta. Mu har mun haddace, muna riga shi faɗi, tana korarmu da mazari.

Shekarar da na zo gida wankan jegon fari aka kawo wani malamin firamare garinmu, mai son hira. Ina soro ina shan iska na ji su shi da Baba a ƙofar gida. Malamin ya ce, "Baba Soja, ku da kuka je Bama ai kun sha salla kuna kallon yamma. Can ai an wuce Makka."

Baba ya ce, "Malam, wasa kake."

Malamin ya zana mishi a ƙasa da tsinke: ga mu, ga Makka, ga Bama can gaba. Shi dariya ma yake, bai san abin da ya taɓo ba. Baba ya daɗe yana kallon zanen nan, sannan ya shiga gida ko takalminsa bai ɗauka ba.

Ya je wurin Liman, Liman ya ce Allah niyya yake dubawa, babu laifi a kansa. Baba ya yarda. Abin da ya hana shi sukuni tsohuwar ce: in ta sake tambaya, me zai ce? Kwana huɗu yana fakewa da gona. Na ce, "Baba, ka bar ta da abin da ta sani mana." Ya ce da can bai sani ba, yanzu kuwa in ya maimaita ya zama ƙarya.

Rana ta biyar da hantsi ta kira shi. Ina gefe da jaririyata a cinya. Ya faɗi komai, har zanen malamin. Ya ce, "Inna, bayansa na juya ga alƙibla."

Mazarin ya tsaya. Can ta ce, "Gida fa, ta ina yake daga can?"

Ya ce, "Shi ma ta yamma."

Ta ce, "To." Ta ce in miƙo mata buta.

Ba ta yi kuka gabanmu ba, ba ta kuma ga laifinsa ba, tuwo ma ita ta aika mishi da shi ran nan. Amma ba ta ƙara cewa ya zo ya faɗa mata ba. Damina biyu ta ƙara yi a duniya bayan haka. Na sha ganin Baba ya dawo daga gona ya zauna bakin tabarmarta yana gyara ƙotar fartanya, yana jira, ita kuwa sai ta tambaye shi ko dawa ta fara fitar da kai.