Ƙafar Baba ta Ƙarƙashin Asabari

Surukina yana da ciwon suga. Wata shekara kututturen dawa ya soke shi a ƙafar hagu, wurin ya ƙi warkewa har ya zama gyambo. A lokacin akwai ma'aikaciyar jinya, 'yar Gbagyi, da ke zuwa ƙauyenmu Kusasu daga Birnin Gwari duk Laraba a kan mashin, tana bin tsofaffi gida-gida. Sista muke ce mata. Ita ke wanke ƙafar, ni nawa dafa ruwa ne kawai, in ajiye a bakin ƙofa in koma.

Wata Laraba ta gama aikinta ba ta tashi ba. Ta ce masu tallafa wa aikin nasu sun janye, babu man mashin, babu bandeji, an ce kowa ya zauna a asibiti.

"To wa zan riƙa yi wa tsiya?" in ji Baba.

"Ka huta da ni, Baba. Amma ƙafar nan ba za ta huta ba. Wa zan koya wa?"

Maigidana ba ya iya ganin ciwo, jiri ke ɗibarsa, ga gona. Sai ni. Ni kuwa shekara tara ina gidan ban taɓa haɗa ido da surukina ba, daga bayan ƙofa nake durƙusawa in gaishe shi. Amma na ce to, don Sista ta faɗa a gabana cewa in gyambon ya ci gaba, a Kaduna yanke ƙafar za a yi.

Ta nuna mini komai. Ruwa ya tafasa ya huce, gishiri daidai murfin kwalba, tsumma a dafa shi a shanya a rana. Na rubuta a takarda, na sa ta duba har sau biyu. Sannan ta koya mini dabararta: duk mako in ɗora farar leda mai tsabta a kan ciwon, in bi gefensa da biro in zana. Sai in naɗe zanen cikin wata ledar, in ba maigidana ya kai mata ranar kasuwa, ta gani ko yana raguwa.

Gishirin nan sau uku nake auna shi. In ƙuda ya wuce ta kan tsumma sai na sake dafawa. Amma da na durƙusa gaban Baba, sai wuyana ya juya da kansa. Ina wankewa ina kallon bango. Ranar zane in saci kallo sau ɗaya, sauran in ƙarasa da abin da na tuna.

Bayan mako uku, da hantsi, na ji ƙarar mashin. Sista ce, ba ranarta ba, ba kuma wanda ya aiko ta. Hanyar dajin nan kowa ya san yadda take. Ta jera ledojin uku a kan tabarma.

"Ƙanwata, ciwo ba ya tsayawa wuri ɗaya haka. Ko ya ragu, ko ya ƙaru. Kina kallonsa kuwa?"

Na sunkuyar da kai. Ta ɗaga ƙafar, ashe ya ci ta ƙasa wajen dunduniya, inda idona bai taɓa zuwa ba. Na ce shike nan, na sa an yanke wa bawan Allah ƙafa.

Ba ta yi mini faɗa ba. Ta gyara wurin, ta ba shi maganin da ta zo da shi. Sai Baba ya ce wa ɗansa, "Sauke asabarin nan." Ya koma cikin ɗaki ya zauna, ya miƙo ƙafar ta ƙarƙashi.

"'Yar nan, surukinki ya tafi unguwa," ya ce. "Wannan ƙafar wani baƙo ce. Ki dube ta da kyau."

Sista ta yi dariya har tana share ido. "Baba, da tun farko ka tafi unguwar, da ban sha wannan hanyar ba."

Tun daga ranar haka muke yi. Na ga launin naman, na san warinsa in ya canja, na riƙa zana abin da ke gabana ko da ya tayar mini da hankali. Leda ta huɗu ta fi ta uku girma, na wuni ban ci abinci ba. Sista ta aiko cewa wannan ne zanen gaskiya na farko, in ci gaba. Daga nan suka riƙa ƙanƙancewa, har na zana wanda bai kai ƙwayar gyaɗa ba.

Ba a dawo da zagayen Laraba ba har yau. Akwai tsofaffi a ƙauyukan da ke kewaye da mu da ita kaɗai ke duba su, ban san yadda suka ƙare ba, kuma abin yana damuna. Ita dai Allah Ya saka mata da alheri, kullum tana cikin addu'ata.

Baba yana taka ƙafarsa zuwa masallaci. Gyambon ya rufe, amma duk Laraba nakan tsaya a bakin ƙofarsa in yi gyaran murya, don tsoron kada wani abu ya ɓullo ban gani ba. Sai in ji yana cewa ya tafi unguwa, ƙafar ta fito ta ƙarƙashin asabari.