Dogon da zai kai Faransa

Ran sunan jikar Ɗanmaliki a Zoza na faɗa kwatami a gaban jama'a, da sabuwar shaddar da na ɗinka wa kaina. Ina cikin kwaikwayon tafiyar Sulle Dogo ne, ƙananan taku daidai wa daida kamar mai tsallake kunya a gona, mutane na ta dariya, sai ƙafata ta zame. Sulle na zaune a tabarma, idanunsa sun yi yana ba ya ganin komai sai haske. Ya karkato da kunne ya ce, "Wane jirgi ne ya goce?" Aka ce masa Badaru tela ne. Ya ce, "To, ku ɗago min bawana, kada ya gurɓata wa agwagi ruwa."

Taubashina ne. Mahaifinsa da mahaifiyata ciki ɗaya suka fito, shi ya sa yake kirana bawansa, ni kuma nake faɗa masa abin da na ga dama duk da ya kusa haifata. Gajere ne ƙwarai. Sunan Dogo kuwa a layin dogo ya samo shi, inda ya yi ƙuruciyarsa yana lebura.

Layinsu shi ne wanda Turawa suka ja daga Zariya ya bi ta Funtuwa da Gusau ya tsaya a Ƙaura Namoda, don kwasar gyaɗa da auduga. Sulle ya bar gonar ubansa yana saurayi ya shiga aikin. Kullum yana bin dogo a ƙasa da guduma a kafaɗa, yana ɗaure abin da ya kwance, yana cusa tsakuwa inda ruwa ya zaizaye. Takun nan da nake kwaikwayo, tazarar ƙarafan da ke kwance ƙarƙashin dogo ce ta zauna masa a ƙafa. Jirgi ya daina bin layin, shi ya dawo noman dawa, amma har yau haka yake tafiya masallaci.

A tashar Ƙaura ya haɗu da Rabi'atu. Iyayenta mutanen wajen Maraɗi ne, ƙasar da tsofaffinmu har yanzu suke kira Faransa. A lokacin leburori na ta raɗe-raɗin za a ƙara layin ya tsallaka iyaka. Sulle ya ɗauki zancen ya kai wa budurwa, ya ce in ta aure shi, a jirgi za ta riƙa zuwa ganin gida. Ta aure shi. Tun daga nan duk gardamar da ta tashi a gidan, ko ta gishirin miya ce, da magana ɗaya take rufe ta: "Malam, ina dogon?"

Da rediyo ta fara zancen sabon layi daga Kano zuwa Maraɗi ta Kazaure da Daura da Katsina, Sulle ya kasa zaune ya kasa tsaye. Rabi'atu kuwa, wadda ciwon ƙafa ya kwantar tun bara, cewa ta yi ita ta daina sayen dogo da kunne. Shi ne ya kira ni ya ce in kai shi wajen Kano a babur, ya taɓa sabon ƙarfen da hannunsa, ya ɗauko mata tsakuwa ɗaya ta riƙe tun tana da ƙarfin riƙewa.

Na ce gobe. Goben tela kuwa kun san ta. Damina ta wuce, aka yi girbi, ƙafar Rabi'atu ta kumbura har gwiwa.

Bayan faɗuwata a kwatami ya sake tuna min, a gaban mutane. Kunya ta kama ni, sai Shaiɗan ya kawo min dabara. Kano da nisa, can gabas da mu, ga ɗinkin biki jibge a shago. Tsohon layin Funtuwa kuwa yana nan yamma da mu, kafin azahar mun je mun dawo. Na ce a raina, makaho ne, ƙarfe kuma ƙarfe ne. In ma asiri ya tonu, ai wasan taubasai ne.

Da hantsi na goya shi. A hanya bakina bai huta ba. Muka ratsa wani ƙauye na ce masa ga Gwarzo, muka wuce wani injin niƙa na ce motocin kamfani ne ke aiki. Shi dai "Uhm" kawai yake cewa, hannunsa a kafaɗata.

Muka iske layin ciyawa ta cinye shi, awaki na kiwo a tsakiya. Na ce, "Ranka ya daɗe, ga dogon Faransa." Ya sauka, ya tuɓe takalmi, ya taka. Sai na ga ƙafafunsa sun kama tafiyar nan tasu, ƙarfe bayan ƙarfe, ba sanda, ba tuntuɓe. Ya yi nisa kaɗan ya durƙusa, ya shafa dogon, tsatsa ta yi masa ja a tafin hannu. Ya daɗe a haka. Daga baya ya lalubi tsakuwa ɗaya ya jefa aljihu, ya ce mu tafi.

Da muka isa gida na so in sauke shi a zaure in gudu, ya riƙe min riga har ƙofar ɗakin Rabi'atu. Na gaishe ta, ta amsa da ƙyar. Sannan ta ɗago kai daga matashi, ta miƙo tafin hannu, fuskarta da ɗan murmushin tsokana.

"Malam, ina dogon?"

Na kalli aljihunsa. Na tabbata yanzu zai sa mata ƙaryata a hannu, ta riƙe ta har kabari.

Ya ce, "Babur ne ya ba mu matsala, Rabi. Sai Asabar."

Ta mayar da hannunta cikin zane ta ce, "Na saba."

A zaure ya ciro tsakuwar ya danƙa min, ya matse yatsuna a kanta har ta yi min zafi. Na fara cewa, "Yaya Sulle, wallahi wasa ne..."

Ya ce, "Wasa tsakanina da kai ne, bawana, ita ba taubashiyarka ba ce. Asabar ka zo da asuba, ka cika tanki. Kuma in za ka sake kai makaho Kano, ka fara cire masa rana daga ƙeya."